Hannun da Gado Ya Ɗora

Gado maɗori ne a Aliero, kuma a gidansu ba a tambayar mai karaya sunansa ko garinsu. A ɗora, a tofa addu'a, a sallame shi.

Wata safiya wani baƙo ya shigo zaurensa tallabe da hannun dama, ya ce jaki ya kayar da shi. Gado ya daidaita ƙashin, ya ɗaure da karare, har ya sa aka dama masa fura. Baƙon ya sha ya tafi.

Da azahar aka kawo gawar Almu, ɗan Gado, wanda ɗan fashi ya tare cikin dare a hanyar dawowa daga kasuwar Jega. Abokin tafiyarsa ya ce Almu bai faɗi ba sai da ya karya wa mutumin hannun dama da sanda.

Gado ya kai wa 'yan sanda labarin baƙon, suka tambayi sunansa, ya ce bai tambaye shi ba. Aka yi ta kai da komo har Sakkwato, daga baya suka ce irin wannan ita suke kira maganar da ta kwanta.

"Wurinku ta kwanta," in ji Gado. "Wurina ko gyangyaɗi ba ta yi ba."

Har ya tsufa, in ya gaisa da baƙon namiji ba ya sakin hannu da wuri, sai yatsunsa sun haura suna laluben tsohuwar karaya. Ba su taɓa samun komai ba. Ɗorin Gado ba ya barin alama.