Mudi da Mashin Mai Ƙara

Kowa a unguwar New Bell ya san Mudi mai bensikin, wato ɗan acaba a bakin mutanen Duwala. Mashin ɗinsa ya kwana biyu, ƙararsa sai ka ce injin markaɗe. Da safe 'yan makaranta yake kwasowa daga unguwar Kassalafam, kuma a nan ya yi suna. Duk yaron da aka ba waƙar Faransanci ya haddace don bikin ƙarshen shekara, tsoron dandamali ya kama shi, to Mudi ne maganinsa.

"Hau baya, karanta min," zai ce. Yaro na farawa sai ya daka tsawa: "Ban ji ba! Ko ba ka karya ba ne?"

Haka yaro zai yi ta kwarara karatu cikin ramuka da ihun 'yan talla, kafin a kai ƙofar makaranta kunya ta zube a hanya. Faransancin Mudi bai wuce na ciniki da fasinja ba, amma waƙoƙin nan duk sun zauna masa a ka.

Sai abin ya zo gidansa. Bara autarsa Zaituna ta hau dandamali ta daskare, ta sauko da kuka, yara suka sa ta gaba da tsiya. Bana da aka sake ba ta waƙa ta ce, "Baba, in aka ƙara yi min dariya, ni da makaranta har abada." Mudi ya yi dariya, amma abin ya dame shi, don ya san kafiyar 'yarsa, a wurinsa ta gada.

Kullum tana bayansa a kan mashin tana karantawa, har masu gasa masara suka fara amsa mata.

Ranar biki aka kafa rumfa a filin makaranta, iyaye suka ci ado. Malamarsu, Madam Latifa, ta ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Zaituna ta buɗe baki, ko uffan. Ta sake buɗewa, waƙar ta ƙi fita. Can baya wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa.

Kai, Mudi, ka tafka wauta, ya ce a ransa. Yarinyar nan ba ta taɓa karanta waƙarta a wurin da babu hayaniya ba.

Ya miƙe, ya tattake ƙafafun mutane yana "ku yi haƙuri, ku yi haƙuri," ya fice. A bayan katanga ya buga wa mashin ƙafa, ya murɗa mai iya ƙarfinsa. Mai gadi ya taso yana zazzaga masa Faransanci, Mudi ko kallonsa bai yi ba. Ba ya ganin dandamali, ba ya jin komai sai inji. Tsoro ya cika shi. Ya runtse ido yana bin waƙar a bakinsa, baiti bayan baiti, yadda Zaituna take jan ta. Da ya kai ƙarshe ya kashe mashin.

Sai tafi, raf-raf-raf, har da guɗa.

Zaituna ta fito a guje, ɗankwali a hannu. "Baba, ka ji ni? Ka ji ni?"

Mudi ya goge fuska da hularsa. "Wallahi ban ji ba, uwata," ya ce. "Hau baya, karanta min."