Mutumin da Ke Lulluɓe Kwamfuta da Rawani

A da, da hantsi, in ka bi ta shagon fotokofin da ke bayan tashar taksi a Tamanrasset, za ka tarar Malam Abdulmumini, mutumin Damagaram, ya kwance rawaninsa ya lulluɓe fuskar kwamfuta, ya kasa kunne. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Na ce, "Malam, sanyi take ji ne?"

Ya yi dariya, ya ce in tambayi Juwairiyya.

Juwairiyya malamar lissafi ce yanzu, kuma ba ta gani. Sanda take jami'a, malamanta da LaTeX suke rubuta darasi, wani tsarin shirya rubutu mai cike da alamomin sanduna da baka-baka. Wayarta kuwa duk abin da ta tarar sai ta karanto mata, har tarkacen. Ga jarrabawa ta matso, in ta faɗi sai komawa gida Maraɗi. Sai ta kawo wa Malam darussan ya gyara mata su yadda wayar za ta iya karantawa.

Karon farko Malam ya share alamomin kakaf. Rubutu ya fito tas, gwanin kyau, amma duk lissafin da ta yi sai ya karkace. Ashe waɗannan baka su ke bambanta abin da ke saman layin rabawa da na ƙasa. Ta ce masa, "Baba, idonka ya gamsu, amma kunnena bai gane ba."

Bai yi musu ba. Ya nemo kayan aikin Python, wani harshen kwamfuta, da ke warware irin wannan rubutu reshe-reshe, ya koya wa na'urar ta riƙa cewa "sama", "ƙasa", "an rufe". Tun ranar ba ya miƙa aiki sai ya rufe fuskar kwamfuta ya saurara, in ya ruɗe ya sake. Juwairiyya ta ci jarrabawarta.

Kai ne mai shara da lura, Malam. Sunanka ba ya kan takardar kowa, amma wallahi kana burge ni. Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma masu sana'a, kafin ku ce aiki ya yi, ku gwada shi yadda mai shi zai karɓe shi.

Watan gobe Malam zai bar shagon, don idanunsa sun yi rauni. Na tambaye shi yaya zai yi da karatu.

Ya ce, "Juwairiyya ke turo mini darussanta, ina saurare. Yanzu ko rawanin ba na kwancewa."