Abin da Na Shafa wa Cikin Barmil

Shekarar da audugarmu ta ƙi, na ɗaura barmil, wato duron ƙarfe, a kan karo, amalanken jaki, na shiga sayar da ruwan kogi a unguwa. Da asuba ina karantarwa a zaure, da hantsi ina bin gidaje. Allah Ya sa albarka, har damina ta biyu, lokacin da tsatsa ta ci cikin ƙarfen, ruwan ya fara fita ja-ja.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta fara faɗa mini. Ta leƙa randarta ta ce, "Malam, ruwa na ce ka kawo ko karkade?" Haka muke kiran zoɓo. Kafin mako ya zagayo, gida huɗu sun koma wa wani mai karo.

Na tafi garin Suki wurin wani mai walda da muka yi ƙuruciya tare. Ya zura kai cikin barmil, ya fito yana kaɗe gemu.

"Ya faki, malamin zaure, wannan ba aikin allo ba ne. Lafta masa kwalta, har jikanka ba zai ga tsatsa ba."

Na ce, "A baya dai ta yi. Ciki fa? Da ruwan nan ake alwala. In kwalta ta sauya masa launi ko ɗanɗano, na ɓata wa unguwa salla, ni da nake karanta musu babin tsarki."

"To tofa masa addu'a mana!"

Ya gama dariyarsa, sannan ya ɗauko wani fenti mai gwangwani biyu da ake haɗawa, ya ce masu tankunan ruwa a birnin Madani shi suke sawa.

Ban yarda da baki kawai ba. Na samo gwangwanayen madara uku. Ɗaya na shafa masa kwalta, ɗaya jan fentin ƙarfe, ɗaya sabon, na rubuta sunan kowanne da ajami a gindinsa. Da suka bushe na wanke su, na cika su da ruwa, na bar su yini guda cikin rana, kamar yadda barmil ke yini.

Goggo na kai wa, don harshenta ba ya kara. Na farko ko bakinta bai kai ba ta ture shi. Na biyu ta nuna mini maiƙo yana yawo a sama. Na uku ta kurɓa, ta juya shi a baki. Sai ta juye sauran a butarta, ta yi bisimilla, ta fara wanke hannu.

Kwana tara karo bai fita ba. Na kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, na shafa sabon a ciki, jan fenti a baya, na bi shi da shuɗi.

Gida uku sun dawo a makon farko. Na huɗun bai dawo ba sai bayan girbin dawa, ranar da maigidan ya tsayar da ni a hanya, ya sha da tafin hannunsa daga bakin tiyon barmil, ya ce in biyo gobe.