Goggo Mairamu da Fitsarin Jikanta

A unguwarmu ta Garwa, in ka gaida Goggo Mairamu mai man gyaɗa sau biyu, sai ta tambaye ka wa ya aiko ka. Ko kazar maƙwabta ce ta leƙo gidanta, a wurinta gulma ta zo ɗauka.

Da ɗanta Shu'aibu ya samu ɗa namiji, sai ya kai shi lopital, wato asibiti, aka yi masa kaciya tun kafin a yi arba'in. Goggo ta riƙe baki.

"A zamaninmu sai yaro ya isa korar awaki. Wannan ko cibiya ba ta gama bushewa ba!"

Maƙwabciyarsu Madam Micheline, 'yar Mokolo ta cikin duwatsu, ma'aikaciyar jinya ce. Kowace safiya takan leƙo.

"Goggo, basilin kawai za a shafa. Kada a ɗaure wurin. In kin ga jini ko zazzaɓi, ko fitsari ya tsaya, ki kira ni."

Goggo ta bi ta da harara. Matar da ba dangin iya ba na baba, me take nema a tsiraicin jikan mutane? Wannan ido ba na alheri ba ne.

Rannan Shu'aibu ya tafi Banyo sayen shanu, matarsa Ramatu mai jego tana wanka. Goggo ta barbaɗa wa ciwon garin bagaruwa, ta yagi tsohon ɗankwali ta naɗe shi tam, ta hana Ramatu buɗewa, wai don kada ido ya kama.

Azahar ta yi, tsumman yaro a bushe. La'asar ta yi, a bushe. Jariri sai tsala ihu yake, ya ƙi nono, mararsa ta yi tauri.

Goggo ta fita ba mayafi, ta dinga dukan ƙofar Micheline.

"Fito, 'yar duwatsu! Tun da kika ce fitsari zai tsaya, ga shi ya tsaya!"

Micheline ta wuce ta da gudu zuwa wurin jaririn. Ta sa almakashi ta yanke ƙyallen, wurin ya kumbura suntum. Tana cikin wankewa da ruwan ɗumi, Goggo ta sunkuyo don ta ga muguntar da za a yi. Nan jikan ya sakar mata fitsarin wuni guda a fuska.

Aka kai shi lopital a mashin, likita ya ce da ya kwana a haka, da labari ya sha bamban.

Yanzu kowane wata Goggo tana aika wa Micheline kwalbar man gyaɗa. Amma in ka yabi Micheline, sai Goggo ta ja tsaki.

"In babu hannunta a ciki, ya aka yi ta sani tun kafin ya faru?"