Soron da Lawali Ya Gina, Ake Kira da Sunan Gumur

Shekara tara ke nan da muka kai Lawali Magini makwancinsa a nan Tamanrasset. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan yi rubutu a kansa, sai in fasa, domin duk ta inda na faro zancen sai sunan Gumur ya kutso ciki. Bana na ce to, ya shigo ɗin, ai dama ya saba shiga tsakanina da Lawali.

Ni da Lawali unguwarmu ɗaya a Damagaram, tare muka tashi, kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, ya kawo mu ƙasar nan. Ni na kama sayar da shadda da atamfa a kasuwar Assihar, shi ya riƙe sana'ar gidansu, ginin ƙasa. Babu wanda ya san Lawali kamar ni. Wannan ba fariya ba ce, kowa ya shaida.

A zamanin da masu yawon buɗe ido ke cika garin nan, Lawali yana gyaran ɗakuna a wani masaukinsu. Can ya gamu da wani dattijon Bature ɗan ƙasar Sikotlan, wanda kullum yakan ja kujera ya zauna yana kallonsa yana yaɓe. Direban dattijon, wani Buzu ɗan ƙasa mai suna Gumur, yana jin Hausa ta wajen uwarsa, shi ya yi musu tafinta. To kun ji ƙofar da Gumur ya shigo ta ciki.

Dattijon ya nuna wa Lawali hoton wani gidan dutse, dogo siriri, tsaye shi kaɗai a fili. Ya ce kakan kakanninsa ne ya sa aka gina shi haka don tsoron maƙwabta masu kawo hari. Ƙofa ɗaya tak, tagogi ƴan mitsi-mitsi, dabbobi a ƙasa, iyali a sama, matakala tana murɗewa a cikin bango. Daga baya aka rasa ɗa namiji, gidan ya bi ƴa mace zuwa dangin mijinta. Su kuma suka goyi bayan wanda ya faɗi a rigimar sarauta, aka ƙwace. Aka sayar, rufin ya zube, tumaki suka mayar da shi makwanci, sannan wani attajiri baƙo ya saya ya rufe shi. Shi dattijon in ya je yanzu, a bakin ƙofa yake tsayawa kamar kowa, kuma gidan sunan waɗansu yake amsawa. Lawali ya tambayi sunan maginin. Dattijon ya ce babu wanda ya sani. Da Lawali ke ba ni labarin dariya yake yi har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Wai sai ya gina irinsa da jar ƙasar unguwar Tahaggart da ke nan garin. Baƙo irinmu ba ya samun fili da sunansa cikin sauƙi, sai Gumur ya ce ga filinsa nan, a gina. Na ce, "Lawali, ka dubi Allah. Bature ya gama faɗa maka yadda gida ke sauya hannu, kai kuma za ka gina naka a hannun wani tun daga tushe?" Ya ce, "Sale, ka cika surutu. Kawo min azara." Ni na ɗauko azarar nan tun daga gida, a kan kayana, na sha fama da ƴan dowan masu karɓar kuɗin fito a hanya. Duk wanda ya ɗaga kai a cikin soron nan, itacena yake kallo.

Soron ya tashi hawa uku, da zankwaye a kusurwoyinsa irin na gidajen Damagaram. Daga samansa ana hango duwatsu, ana ganin ƙurar kamiyoyi masu bin hanyar In Amguel. Nan muke zama da la'asar ranar Juma'a. Gumur ke dafa shayi, ni ke kawo labaran kasuwa. Abin da ke cin raina shi ne, in na gama zuba na yi shiru, su biyun ba sa neman abin faɗa. Sai su zauna jugum suna kallon dutse, Gumur ya furta kalma ɗaya da Buzanci, Lawali ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Yaushe Lawali ya koyi Buzanci? Ni da muka ci tuwo a akushi ɗaya, sai in zama baƙo a saman azarata. Kishi nake yi, kishi ƙiri-ƙiri, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Da ciwo ya kwantar da Lawali, ni na yi ta zirga-zirgar asibiti, amma a ranar da ya cika ina kan hanyar dawowa daga Agadas da kaya. Gumur ne ke riƙe da hannunsa. Iyalin Lawali suka koma gida Damagaram, suka ce ba su da abin yi da ginin ƙasa a ƙasar wasu. Soron ya zauna a hannun mai fili. Don gaskiya, Gumur bai sa haya ba, bai tare a ciki ba, kuma duk shekara yana liƙe inda ruwa ya ci. Amma mutane fa? Sannu a hankali na fara jin masu taksi suna cewa, "Daidai soron Gumur." Yau in ka ce soron Lawali, sai a tambaye ka wane ne Lawali.

Nakan tambayi kaina, da zai dawo ya ga Tahaggart ta yau, me zai ce? Ko'ina bulo da siminti. Samarinmu na Maradi da Tasawa suna hawa da sauka da bokitin kankare, ƙarfi kamar me, amma da wuya ka samu wanda zai taka laka da ƙafa ya gane ta nuna. Wannan zai dame shi. Batun suna kuwa, na san shi, kafaɗa zai ɗaga ya ce ai bangon na tsaye. Shi bai damu ba, ni aka bari da ciwon.

Bana bangon gabas ya tsage daga sama, wajen indararo. Ƴaƴan Gumur suka ce in ba a gyara kafin ruwan damina ba, rushe shi za su yi su gina shaguna, kada ya faɗo kan masu wucewa. Ba su yi laifi ba. Siminti kuma ba ya yi wa laka magani, ruwa yake ɓoyewa a ciki har bango ya ruɓe. Da labarin ya zo min a kasuwa, wani sashe na zuciyata ya ce madalla, a rushe, mu ga soron wa za a sake kira.

Sai ga Gumur a ƙofar shagona, ya tsufa, rawaninsa ya yi masa yawa. Muka gaisa gaisuwar da muka saba, doguwa, babu ɗumi. Ya ce, "Alhaji, mai jifa nake nema."

Ga wanda bai san ginin ƙasa ba, magini yana zama ne a kan bango, wani yana ƙasa yana cura laka yana jefa masa. Jifan ba na ƙarfi ba ne. So ake curin ya isa hannun magini daidai lokacin da ya gama tashi, kamar an miƙa masa. Gumur ya ce kafaɗarsa ta mutu, ba ya iya jifa, amma zai iya zama a sama ya yi yaɓe yadda Lawali ya koya masa. Ya gwada samari, wani ya buge shi a ƙirji, wani curin ya watse a iska. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk shekarun da na yi ina masa jifa, in na kuskure sai ya ce, da Sale ne da ba haka ba. Ya ce tun kuna yara kai ke jefa masa a ginin babansa. Na gaji da jin sunanka, Alhaji."

Wallahi na rasa me zan ji. Daɗi ya zo, haushi ya bi bayansa. Shekara tara mutumin nan yana riƙe da maganar da tawa ce, bai ba ni ba sai da bango ya tsage! Kuma dubi rabon aikin: shi a sama, a mazaunin Lawali, ni a ƙasa cikin taɓo. In na je, soron zai tsaya, kuma da sunan Gumur zai tsaya. In na ƙi, sunan zai tafi, aikin hannun Lawali ya bi shi.

To me ya rage na Lawali? Filin ba nasa ba ne, sunan ya kuɓuce, ƴaƴansa ba su san tsayin soron ba. Abin da ya rage bango ne mai shatin yatsunsa, da tsofaffi biyu da ya raba wa sana'arsa gida biyu, ya ba ɗaya jifa, ya ba ɗaya yaɓe, kuma har gobe kowannenmu yana ganin ɗan'uwansa aka fi so. Ban huce ba, kada a yi zaton na huce.

Ranar Asabar da safe na tuɓe babbar riga, na naɗe wando, na shiga laka. Ina cikin cura sai ga wani abokin cinikina ya tsaya da mota, ya leƙo yana dariya: "A'a, Alhaji Sale! Yau kai ne lebura a soron Gumur?"

Na buɗe baki zan gyara masa. Na ɗaga kai, ga Gumur can sama ya miƙo hannu yana jira, laka kuma tana shan iska a tafina.

Na ce, "E, ni ne." Na jefa.