Lallen Bayan Ɗaki

Shekarar da maigidana ya sayar da gidanmu na Haɗeja, ni ce ta ƙarshe da ta ji labari. Matan makwabta sun riga ni, har mai tallan daddawa ta riga ni. Ya shigo bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce wani mai sayen gyaɗa ya ɗauke shi aikin sikeli a tashar jirgin ƙasa, can za mu koma bayan kaka. Na ce to. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

Unguwarmu a bayan ganuwa take, sabuwa ce a lokacin. Wasu cikin gari ne ya yi musu kaɗan suka fito, wasu kuma ruwa ne ya koro su daga ƙauyukan fadama. Mai unguwa zai nuna wa mutum fili, ya kafa darni, ya yi tubali, shi ke nan ya zama mai gida. Ƙasar kuwa ta Sarki ce, ba ta sayuwa. In ka ji an ce wane ya sayar da gida, to gini ya sayar: bango da azara da ƙyaure da rumbu. Tun da jirgi ya zo mazaje suka fara zarya zuwa tasha, gidaje suka yi ta canza hannu, dillalin unguwarmu har ya yi tumbi ya sayi laima.

Mu mata ba mu san ƙofar gida ba sai da dalili, amma kowane darni da kafarsa. Ta nan ake ɗibar wuta, ta nan ake aron turmi, ta nan gulma take bi. Kafar gidana ta fi ta kowa faɗi, don ina da abin da babu a sauran gidajen: bishiyar lalle a bayan ɗakina, ta fi tsayin mutum, koriya shar ko da tsakiyar rani. Babu amaryar da aka yi wa ƙunshi a unguwar nan ba da ganyenta ba. Matan suna cewa ina da hannun shuka. Ni kuwa ruwa nake ba ta kowace safiya, kafin in wanke fuskata.

Ga dalilin. Cikina na fari bai kai wata tara ba. Da a gidanmu zan haihu kamar kowa, amma a shekarar kogi ya cika ya raba mu da ƙauyenmu na wajen Guri, maigida kuma En'e, wato hukumar Sarki, ta ɗebe su aikin shimfiɗa hanyar jirgi. Daga ni sai surukina tsoho, sai ungozomar unguwa, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya. Yaron ya zo, ya yi kuka kaɗan, bai kwana ba. Irin waɗannan ba a kai su maƙabarta a lokacin, a cikin gida ake sa su. Ina kwance ban ga komai ba. Da na iya miƙewa na zaga bayan ɗaki, sai na ga wuri guda da sabuwar ƙasa, an daddanna ta da ƙafa. Ban tambayi kowa ba. Na samo reshen lalle na kafa a gefen wurin.

Yaran yanzu za su ce me ya hana in tambaya. A wurinmu mace ba ta ambaton ɗan fari. Ko yana raye ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Balle wanda bai kai ranar suna ba. Da maigida ya dawo, mahaifinsa ya yi masa bayani a zaure, ya shigo ya ce mini sannu, na ce yauwa. Iyakar zancen da muka taɓa yi a kai ke nan. Tsohon ya rasu bayan shekara biyu, na haifi 'yan mata biyu, lalle ya yi ta girma.

Ranar da dillali ya kawo mai saye, aka yi sallama, na shige ɗaki na saki asabari. Ta tsakankanin karan ina ganin ƙafafunsu. Mutumin manomin albasa ne daga fadama, baƙi, mai sanyin murya. Ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rumbu, dillali yana ta zuba kamar shi ya gina gidan. Sai na ji sun zaga bayan ɗakina, na ji mutumin ya tsaya.

Ya ce, "Ka ga lallen nan? Duk unguwar nan ƙasa ta bushe, shi yana haka. Ruwa na kusa a nan. Nan zan haƙa rijiya."

Maigida ya ce, "Ai in ka saya wuri naka ne."

Ban ji faɗuwar gaba ba. Na sha tuna wannan, ina mamaki. Abin da na ji kawai kunnuwana sun toshe, kamar na nutsa kai a kogi. Na zauna a bakin gado har suka fita, har tuwon da na ɗora ya kama.

Da na kai wa maigida abinci na durƙusa na ce, "Malam, lallen fa?"

Ya yi dariya. "Ke da lallenki! A tasha ma ƙasa ce, sai ki shuka wani."

Na dube shi ko zai gane. Yana ta cin tuwonsa, yana ture ƙanzo gefe. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma a tsakanin kunnuwansa a shekarar babu komai sai buhun gyaɗa. Na tashi na ba shi wuri.

Da na ga haka sai na bi ta kafa. Na sami matar makwabcinmu tana daka, na karɓi taɓarya na taya ta, na ce mata sabon mai gida zai sare lalle ya haƙa rijiya. Ban ƙara ko kalma ba, ba a kuma buƙaci in ƙara ba. Kafin rana ta faɗi magana ta kai ƙarshen unguwa ta dawo. Wata ta ce 'yarta za a kai bayan salla, da me za a yi mata ƙunshi, da ganyen albasa? Wata ta ce tun ba a je ko'ina ba baƙo ya fara. Matar mai unguwa, wadda mijinta ke tsoro fiye da yadda yake tsoron Di'o, baturen mulki, ta ce a bar mata.

Ranar da aka taru a zaure don shaida, da liman da dattawa da goro, ina jin su ta bango. Bayan maigida ya ce ya sallama, sai mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce akwai magana guda. Gini aka sayar, lalle kuwa ba gini ba ne. Na matan unguwa ne, su suke tsinka, a bar musu abinsu. Sai mai saye ya yi dariya ya ce shi bai zo faɗa da matan da za su yi wa iyalinsa wankan jego ba. Ya ce zai mai da rijiyar gabas, wajen turken awaki, ko da za ta ɗan fi zurfi. Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Matan suka yi ta shigowa suna guɗa kamar an yi haihuwa. Na ce musu an gode. Na ɗauka zan ji daɗi, sai na ji gajiya kawai, na kwanta da rana tsaka na yi barci mai nauyi.

Mai saye ya roƙi alfarma a fara haƙa tun muna ciki, don in ya tare da iyalinsa ya tarar da ruwa. Maigida ya yarda. Aka kwance awaki aka mai da su zaure, masu haƙa biyu suka zo da diga da kwando. Na riƙa dama musu kunu ina aikawa. Har da tsamiya nake sawa, don a raina su ne mutanen da suka bar mini bayan ɗaki lafiya.

Duk wannan abu Iya ba ta gari. Ta tafi Jahun wankan jegon jikarta tun kafin a yi ciniki. Ta dawo rami ya riga ya shanye mutum, kwando kawai ake gani yana fitowa. Ta shigo ta kafa da sandarta za ta yi mini sallama, sai ta hangi tulin ƙasa a gabas. Ta tsaya. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta je ta zauna a gindin tulin, ta sa hannu tana marmasa ƙasar, tana zubarwa, tana ɗibar wata. Masu haƙa suka tsokane ta, suka ce ko Iya ta binne tukunyar kuɗi ne a nan. Ba ta kula su ba. Haka ta yi har suka tashi.

Sannan ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa, hannayenta duk laka. Na kawo mata ruwa, na ce, "Iya, ba kya nan aka so sare lalle. Allah ya tsare, aka mai da rijiyar can."

Ta ce, "Wa ya sa aka mai da ita can?"

Na ce, "Matan unguwa." Sai na ji ban kyauta ba, na ce, "Ni na faɗa musu."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan. A bayan ɗaki kike zato?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Abin da ke bayan ɗaki mabiyiya ce, ba yaron ba. Ni na haƙa da hannuna na binne ta, kamar yadda ake yi wa kowace mai jego. Yaron kuwa, surukinki ya ce bayan ɗaki ruwa na kwanciya da damina. Gabas ya kai shi, inda ƙasa ta fi tudu. Awaki daga baya aka ɗaure su a wurin." Ta goge hannu a zaninta. "Na ga kina ba lalle ruwa, na ɗauka son lalle ne. Ba ki tambaya ba, ni kuma ban ga fuskar faɗa miki ba."

Na ce, "Sun ga wani abu?"

"Sun wuce wurin tuni. Na bi ƙasar duka, babu komai. Shekarun da yawa, ƙasar nan mai danshi ce, shi kuma duka-duka bai fi tafin hannuna biyu ba." Ta ce in ina so za ta je ta sami liman, a cike ramin, amma in sani maganar za ta shiga zaure, kowa zai ji. Ta ce ni zan zaɓa.

Na nemi abin da nake so a cikina ban samu ba. Babu kuka, babu fushi, babu ma wanda zan yi fushi da shi. Wanda zan kare ba ya nan, ba ya bayan ɗaki, ba ya gabas. Na ce mata a bari. Ta ce to, ta ɗauki sandarta. Washegari na tashi na ɗebi ruwa na nufi bayan ɗaki, sai da na zuba rabi sannan na tuna. Na ƙarasa zubawa, tunda na riga na fara.

Ba a daɗe ba aka cim ma ruwa. Mai daɗi ne, ba kanwa, ba ɗoyin laka. Unguwa ta yi murna ƙwarai, don kafin nan sai an aiki yara har rijiyar masallaci, ko a sayi na 'yan garuwa. Sabon mai gida ya ce kowa ya ɗiba, kada a rufe kafa. Liman ya zo ya yi addu'a a bakin rijiyar. Dillali ya riƙa gaya wa mutane shi ya ba da shawarar wurin. Ni dai na ci gaba da shan na tsohuwar randata, ina cewa ban so in bar ruwa ya lalace.

Ranar tashinmu jakuna suka zo da hantsi. Aka ɗaure tabarmi da tukwane da gado, 'yan matana suna ta tsalle za su ga jirgi. Matan unguwa suka cika tsakar gida, wannan ta kawo kuka, wannan ta kawo busasshen kifi, ana ta yafe-yafe. Iyalin sabon mai gida sun iso tun da sassafe. Matarsa yarinya ce, ga ciki ya fito, cikin fari, sai sunkuyar da kai take yi.

Ta matso ta ce, "Yaya, lallen nan sau nawa ake ba shi ruwa?"

Na ce, "In kin ga dama ki ba shi. In ba ki ba shi ba ma ya riga ya kama."

Ta tafi, na ɗauka ta gama. Sai ga ta ta dawo da sabuwar ƙwarya cike da ruwa, yana ɗiga, yanzu ta jawo shi. Ta durƙusa a gabana har ƙasa, da cikin nata, ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu.

Ta ce, "Yaya, ki sha ruwan gidanki kafin ki tafi."

Matan suka ce kai, yarinyar nan tana da hankali. Iya tana zaune a gindin darni, ta juya fuska tana gyara ɗankwali. Daga waje maigida yana kira, rana tana yi.

Na karɓa. Na yi bisimilla na kafa kai. Sanyi ne da shi, na ji saukarsa har cikin cikina. Ban sauke ƙwaryar ba sai da na shanye, ban rage ko ɗigo ba.

Ta ce, "Da daɗi ko?"

Na ce da daɗi.