Ɗakin Baba a Bayan Motar Soja

A shekarar da Baba ya toshe kunnensa ya ƙi jin maganar kowa, ina zaune a gidan aurena a Treichville, cikin Abidjan, ina ɗinkin labule da rigunan kujeru a wani ɗan shago kusa da babban masallaci. Shi kuma yana gidanmu na Bromakoté, a unguwar Adjamé, inda aka haife mu, ya bar cinikin goro saboda ciwon ƙirji. Tari ne da in ya kama shi sai ya durƙusa. Likita ya ce mana ƙirjin ya gaji, kuma babu abin da zai yi masa illa kamar sanyi. Ni da wana, Yaya, muka fito ƙofar asibiti muna dariya. Wane sanyi a Abidjan, garin da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi?

Ana haka saƙo ya zo daga Nijar. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta makance, jiki kuma ya yi rauni. Tana wani ɗan ƙauye arewa da Abalak, inda kwalta ba ta kai ba. Ta ce a gaya wa ƙanenta tana son ta taɓa fuskarsa. Baba ya ce da ɗaukewar ruwa zai tafi. Da damina koramu sun tare hanya, in kuwa ya jira bazara, bai san ko zai tarar da ita ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira tsofaffin abokansa su ba shi baki. Ya bar ni na gama, sannan ya tambayi Yaya ko akwai motar da mutum zai iya tafiya a kwance, don bayansa ba ya jure zaman bas.

Yaya direba ne, kuma mutum ne da in ya ji ƙamshin tsohon ƙarfe ba ya iya wucewa. Ya samo wata kamiyo, babbar mota, a gwanjon kayan soja, koriya, mai tayoyi da suka kai mini ƙirji. A bayanta akwai ɗaki na ƙarfe, irin wanda ake ɗaukar marasa lafiya. Ranar da ya shigo da ita Adjamé, ƙananan bas na haya da muke kira gbaka da tasi suka dinga ba ta hanya, mata masu talla suna janye farantansu. Har yau ina jin Yaya bai taɓa farin ciki kamar na ranar ba. Lokacin hanyar arewa tana da lafiya, ba kamar yanzu ba.

Aka kai ta garejin wani makanike ɗan ƙabilar Jula da muka sani tun muna yara. Mutumin kirki ne, kuma don yana ƙaunar Baba ya yi mata abin da ake yi wa duk motar da ta fito daga ƙasar Turawa, ba tare da an roƙe shi ba. A Adjamé ba a tambaya, haka ake yi. Ya cire ɗan ƙarfen da ke riƙe zafin inji ya jefar. Ya yanke bututun da ke kai ruwan zafi zuwa ɗakin baya, ya ɓalle na'urar ɗumama ɗakin, wadda suke kira shofaj, ya ba masu sayen tsohon ƙarfe. Audugar da aka cusa a cikin bango ya yage ta duka, wai gidan ɓera ce da laima. Sannan ya sa wuta ya yanka manyan tagogi a kowane gefe don iska ta riƙa ratsawa. Da muka je gani, ni ce na fara yi masa godiya. Na ce tsoho zai sha iska kamar yana bakin teku.

Baba ya zo da yamma, Yaya ya tallafe shi ya hau. Ya daɗe yana kallon tagogin. Ya sa hannu ƙarƙashin gadon, inda shofaj ɗin yake a da, ya shafa ramin.

"Ina murhun?" ya ce.

"Papa, an cire," in ji Yaya. "Ça ne sert à rien, ba shi da amfani. Nijar fa za ku, wuta ce can."

"Kai yaushe ka je Nijar?"

"Sau nawa muka je vakansi?"

"Da damina kuka je, lokacin hutun lakwal, makaranta a rufe. Ba ku san garin ba."

Na sa baki, don ni ba na iya yin shiru. Na ce ai in sanyi ne, a sa masa riga biyu. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa goron da aka jiƙa don ya yi nauyi. Makaniken kuwa ya tsaya da tsumma a hannu, ya rasa laifin da ya yi.

Washegari Baba ya ce mu raka shi wajen wani abokinsa mai sayar da daskararren kifi ta wajen tashar jirgin ruwa. Ina tsammanin gaisuwa za mu. Muna zuwa ya sa aka buɗe ɗakin sanyin da ake ajiye kifi, ya ce ni da Yaya mu shiga, shi ya zauna a benci a waje. Na shiga da atamfata da silifas ina taunar cingam. Kafin a jima haƙorana suka fara haɗuwa, yatsun ƙafata suka mutu, numfashina yana fita kamar hayaƙi. Yaya, ƙaton mutum, ya cusa hannuwa a hammata yana tsalle. Na buga ƙofa da iyakar ƙarfina.

"Can bai kai wannan ba," Baba ya ce da muka fito. "Amma can akwai iska, kuma babu ƙofar da za ki buga."

A nan tsoro ya shige ni. Sai lokacin maganar likita ta zauna mini. Na gane cewa da hannunmu, da godiyarmu, mun shirya motar da za ta kashe mana uba kafin ya ga 'yar'uwarsa.

Muka koma gyaran abin da muka ɓata. Ni da Yaya muka shiga kasuwar ɓaraguzan motoci da muke kira kas, muna tambayar shofaj rumfa rumfa. Wasu suka yi dariya, wani ya tambaye mu ko Faransa za mu da mota. Da muka gano wanda ya karɓi namu, ya riga ya farfasa shi ya zare jan ƙarfen. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, alhali ba shi da laifin komai. Makaniken, da kunya ta hana shi barin aikin, ya ce a bar masa. Ya samo ƙaramin lagireto na wata tsohuwar tasi, ya haɗa shi da fanka, ya ja sabon bututu daga inji. Ɗan ƙarfen da ya jefar ma sai da ya tona tarin shara a bayan gareji ya nemo shi. Tagogin da ya yanka da alfahari, shi ya mayar da su da walda, ya bar ƙarama guda mai murfi.

Yaya ya ɗauki ɓangaren hanya. Ya sa aka ƙera masa dogayen faranti na ƙarfe masu huji, waɗanda ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi, ya ɗaure su a gefe tare da shebur. Ya ƙara tankin man gazuwal da jarkokin ruwa, ya sayi sabon batir don tsofaffin direbobin goro sun ce masa da asubar sanyi inji ba ya son tashi. Su ne kuma suka koya masa rage iskar taya kafin ya shiga yashi. Ranar wata Lahadi ya tafi bakin teku ya gwada, ya kafe, sai da masunta suka turo shi. Ya dawo yana cewa motar ce ba ta saba ba.

Bangon ɗakin ni aka bar wa. A kasuwar gwanjo ta Adjamé akwai dilolin da ba mai taɓawa, manyan kwat na ulu da barguna masu nauyi da ke zuwa cikin kayan Turai. Mai rumfar ya ga ina ɗiba, ya tambaye ni a hankali ko lafiya. Na kwashe su zuwa shagona, na farke kwat ɗin, na jera su tsakanin tamfol da bargo, na bi da ɗinki. Allurar kekena ta karye ban san adadi ba. Zafi ya sa ƙuraje suka feso mini a wuya, maƙwabtana masu shaguna suna leƙowa suna cewa 'yar Hausa ta fara ɗinka wa aljanu. Ina ɗinki ina mita, ina cewa duk wannan wahala don tsoho ɗaya mai taurin kai. In na gaji da mitar kuma sai in yi kuka, don na san ina ɗinka abin da zai ɗauke shi daga gabana.

Da muka manna bangon, makaniken ya shiga ya rufe ƙofa, ya ce bai ga haske ta ko'ina ba, aiki ya yi. Baba ya ce iska tana bin inda haske ba ya bi. Muka tsaya muna kallon juna, don ba wanda ya san yadda ake neman sanyi a garin da babu shi. Sai na tuna kaskon turaren wuta. Yaya ya kawo motar ƙofar shagona ranar Juma'a, na zuba garwashi, na barbaɗa turare da yawa, na ajiye a tsakiyar ɗakin muka rufe. Muka zagaye motar muna kallo. Can sai ga hayaƙi siriri yana fita ta ƙasan ƙofa, ta bakin walda, ta ramin wani ƙusa da ba wanda ya lura da shi. Duk inda ya fito Yaya ya shafa alli, ni kuma in bi da tsumma da roba in toshe. Mutane suna fitowa daga masallaci suka tarar da motar soja tana ƙamshin ɗakin amarya. Wani dattijo ya tambayi Baba ko aure zai ƙara, Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da hayaƙin ya daina fita, aka buɗe ɗakin ya sha iska, aka tada inji, Baba ya shiga ya kwanta a gadon. Rana tsaka, a Treichville, da shofaj a kunne. Ya fito jiƙe sharkaf, ya ce, "To, yanzu kun yi mota."

Suka tashi da safe daga Bromakoté. Na naɗe shi da rawani da safa da bargo tun a ƙofar gida, yana cewa in bari sai sun wuce Bouaké. Na ja Yaya gefe na ce in ya bar tsohon nan ya yi tari ko sau ɗaya, kada ya dawo mini. Na ce wa Baba kuma ina jiransa kafin azumi. Ya ce in Allah ya so.

Kwanakin tafiyar ban yi ɗinkin kirki ba. Yaya kan kira in sun sami layi. Ya ce bayan Tahoua ruwan alwala ya fara cizon hannu, shi da ke kwana a gaba ya sa duk rigunan da ya tafi da su. Sun kafe a wata busasshiyar korama, farantin ƙarfe ya fitar da su. Daga nan layi ya ɗauke, na zauna da waya a cinya ina jin haushin kowa.

Yaya ya dawo Adjamé a bas, da 'yar jakarsa, ba mota, ba Baba. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau suka isa. Ya ce Gwaggo ta shafa fuskar Baba tun daga goshi har gemu, ta ce ya tsufa bai gaya mata ba. Bukkarta kuwa iska na shiga ta ko'ina, ita ma tari take. Baba ya sa aka ɗauke ta aka kai ta gadon motar, shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da ita. Ko ba a tada inji ba ɗakin yana riƙe ɗumi. Da Yaya ya yi zancen komawa, Baba ya ce ya bar makulli wajen jikan Gwaggo ya tafi, zai neme shi.

Sai da aka yi kasuwar ƙauyen, Baba ya hau tudu da wayar wani, sannan na same shi. Na fara faɗa tun kafin sallama ta ƙare.

"Ba ki tambaye ni tari ba," ya ce.

"Ka yi?"

"Ko sau ɗaya. Allah ya yi miki albarka, ke da yayanki."

Daɗi da haushi suka haɗu mini. Na ce, "To yaushe Yaya zai zo ya ɗauko ka?"

Ina jin iska tana kaɗawa a cikin wayar. Sai na ji muryar tsohuwa daga nesa tana kiran wani suna da ban taɓa jin an kira shi da shi ba, tana cewa ya sauko daga tudun nan, ya rufe ƙirjinsa, shayi na hucewa.

"Na'am, Yaya, ga ni nan," Baba ya amsa wa Gwaggo, da sauri, da muryar da ban san yana da ita ba. Ya manta bai kashe wayar ba, na daɗe ina jin takunsa a cikin yashi yana tafiya wajenta. Ban ƙara tambayarsa ranar dawowa ba.